Jidda na Kallon Allo, Mu Muna Jujjuya Takarda

A 'yan shekarun nan, tun kafin gidajen rediyonmu su fara shelar kuɗin kujera, an riga an yi zaman farko a Jidda. Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya kan kira babban taro da baje koli a katafaren zauren Jeddah Superdome, ƙasashe su turo wakilai a rattaba hannu kan yarjejeniyar Hajjin da ke tafe, kamfanonin abinci da masauki da sufuri su baza hajarsu. Abin da ke fara kama idon baƙo a wurin shi ne alluna. Allo ya cinye bango guda, ga taswirar Mina a kansa, ga layuka suna hawa suna sauka, ga alƙaluma suna sauyawa da kansu: jirgi nawa ya sauka, mota nawa ta tashi, wace hanya ta fara cika. Jami'anmu su tsaya su ɗauki hoto, su dawo gida cike da sha'awa, kafin ka ce kwabo ka ji ana maganar a sa kuɗin "irin wannan na'urar" a kasafin baɗi.

Sha'awar ba laifi ba ce. Ni dai ra'ayina shi ne, a duk wannan aiki allon ne abu mafi arha, kuma shi ne na ƙarshe da ya kamata a saya.

Abin da ke bayan allon manhaja ce ta tattara bayanai da nazarinsu, kuma babu wani tsafi a ciki. Microsoft na da tata, Power BI, wadda ta fito kasuwa a 2015. Akwai Tableau, wadda ta samo asali daga wani bincike a Jami'ar Stanford, aka kafa kamfaninta a 2003, kamfanin Salesforce ya saye ta a 2019 kan dala biliyan 15.7. Google ya sayi Looker kan dala biliyan 2.6. Akwai ma waɗanda ba a biyan ko sisi, irin su Metabase da Apache Superset. Aikinsu kusan ɗaya ne. Ka nuna wa manhajar inda bayananka suke, ko jadawalin Excel ne, ko rumbun bayanan banki, ko na kamfanin jirgi, ta janyo su wuri guda, ta haɗa wannan da wancan, sannan ta zana maka su yadda ido zai karanta a duba ɗaya. Zanen shi ne sassauƙan ɓangare. Yaron da ya iya kwamfuta a Kano ko Maraɗi, in ya samu wuta da data, cikin 'yan makonni zai iya fitar maka da zane mai launi-launi wanda kwamishina zai yi wa tafi. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen haɗawar.

Saudiyya ta daɗe tana wannan haɗawa, kuma Jidda ce ƙofar da ake gwada ta. Tun zamanin da kakanninmu ke tafiya a ƙasa, su ratsa Chadi da Sudan su tsallake Bahar Maliya daga Sawakin, a tashar ruwan Jidda ake ƙirga su. Da jirgin sama ya karɓi aikin, aka buɗe tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz a 1981, mai rufin nan irin na tanti da duk alhajin da ya taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba zai manta ba. Yau ƙirgar ta koma cikin kwamfuta. A 2019 aka kafa hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira ta ƙasar, SDAIA. Dandalin Nusuk ya zama hanyar biza da kwangilar masauki da tanti, katin Nusuk kuma ya zama dole a wuyan kowane alhaji tun Hajjin 2024. Shi ya sa hukumar ƙididdiga ta ƙasar ke iya fitowa ranar Arfa ta ce alhazan 2024 su 1,833,164 ne, na 2025 kuma 1,673,230, har da na ƙarshen lissafi. Ba don allonsu ya fi kyau ba. Lambar fasfo, da hoton yatsa, da biza, da jirgi, da tanti, duk an ɗaure su a jikin mutum ɗaya tun kafin ya baro garinsu.

To, mu leƙa namu ɓangaren. Ofishin wata hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, dare ya raba, saura kwana kaɗan a rufe dandalin biza. Janareto na ruri a waje. Ma'aikaci ya buɗe jadawali uku a kwamfuta, ga tarin fasfo a cikin kwalin taliya an ɗaure su goma-goma da roba, ga wayarsa tana ta ƙara saboda jami'an ƙananan hukumomi suna turo hoton rasit ta WhatsApp, wani hoton ma yatsan mai ɗauka ya rufe rabin lambar. Maniyyaci ɗaya yake nema. A takardar banki an rubuta Mamman. A fasfo Muhammad ne. A katin rigakafi an taƙaita shi Moh'd. A jerin malamin bita kuwa da laƙabin sana'arsa aka sa shi, don da shi kowa ya san shi a gari. Kuɗin ma ba shi ya biya ba, ɗansa ne ya turo daga Fatakwal a kashi uku, da sunan shagonsa. Ma'aikacin ya ce bari ya bi ta ranar haihuwa, sai ya tarar rabin jerin an haife su ranar 1 ga Janairu. Ƙarshe dai ya kira jami'in ƙaramar hukumar, ya tashe shi daga barci: "Ranka ya daɗe, wannan dattijon naku, shi ne mai goron ko ƙanensa?"

Ka miƙa wa Power BI waɗannan takardu yadda suke, za ta ƙirga maka mutum huɗu inda mutum ɗaya ne, ko ta haɗe mutum biyu ta mai da su ɗaya, kuma ta zana sakamakon da launi mai kyau ba tare da ko ɗar ba. Masu wannan sana'a sun san cewa galibin lokacinsu ba a zane yake tafiya ba, a tsefe bayanai yake tafiya: goge maimaici, daidaita rubutun suna, samo lamba ɗaya da za ta bi mutum daga takardar farko zuwa ta ƙarshe. Sayen allo kafin a yi wannan daidai yake da kafa kan famfo mai sheƙi a tsakar gida alhali ba a ja bututu daga rijiya ba.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar matsala ce ta ofis. A filin jirgin Jidda ake biyan kuɗinta. A watan Satumban 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare mata maniyyata 'yan Najeriya kusan dubu saboda batun muharrami, aka dawo da ɗaruruwa gida, har Najeriya ta dakatar da jigila na ɗan lokaci. Cikin abin da aka yi ta ƙorafi a kai a lokacin har da matan da sunan da ke fasfonsu bai nuna alaƙarsu da namijin da suka ce shi ne muharraminsu ba, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da mace ke riƙe sunan mahaifinta. A watan Nuwamban 2023 kuma, jirgin Air Peace ya sauka Jidda da fasinja 264, aka soke bizarsu, daga baya aka bar 87 suka shiga aka mayar da 177. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce bayanan da aka bayar wajen neman bizar ba su dace da matafiyan ba. Kowa da irin bayanin da ya yi a kan waɗannan al'amura biyu, kuma ba shari'a nake yankewa ba. Abin lura shi ne a duka biyun sai da mutum ya yi tafiyar sa'o'i a sama, ya tsaya gaban jami'in shige da fice, sannan aka gano takardarsa ba ta yi daidai da abin da kwamfutar can ke nema ba. Wannan bincike ne da ya kamata a gama shi a sansanin alhazai na Kano ko Sakkwato.

Akwai ma tsarin da aka yi don haka, wanda Saudiyya ke kira Hanyar Makka: jami'anta su zo filin jirgin ƙasarku su gama tantance ku a can, in kun sauka Jidda ko Madina ku wuce kai tsaye cikin mota, kayanku su same ku a masauki. Malesiya da Indunusiya da Pakistan da Bangaladash da Maroko da Turkiyya suna ciki. Kwaddibuwa, wadda alhazanta ba su kai rubu'in namu ba, ta shiga a 2023. Har zuwa Hajjin 2025 Najeriya, mai kujera 95,000, ba ta ciki.

Indunusiya ce ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, don ita ma da kuka ta fara. A Hajjin 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsitsin ramin Mu'aisim da ke Mina, fiye da 600 daga cikinsu 'yan Indunusiya, kuma gwamnatin ƙasar ta sha wuya kafin ta iya faɗa wa iyalai wa ya rasu wa ke raye. Daga wannan ne aka gina tsarin da suke kira Siskohat a cikin shekarun 1990. Mutum ya je banki ya ajiye kuɗin farko, a ba shi lambar layi. Lambar nan ita ce shi har ya je ya dawo: banki da ita ya san shi, ofishin gundumarsu da ita, asibiti da ita, jirgi da ita. Yana zaune a ƙauyensu zai sa ta a waya ya ga shekarar da ake sa ran layi zai zo kansa, ko da saura shekara ashirin. Ƙasar da ke da kujera 221,000 ke nan. Lokacin da suka fara wannan aiki ba a haifi Tableau ba, balle Power BI. Lamba ɗaya suka fara yi, zane ya biyo baya.

Mu ma ba mu rasa tubalin ba. Muna da lambar ɗan ƙasa ta NIN, muna da BVN a banki, fasfo kuma yanzu sai da NIN ake yin sa. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ta ƙaddamar da asusun adashin gata na Hajji tare da bankin Jaiz a 2020, tana koyi da Tabung Haji na Malesiya da ke aiki tun 1963. Abin da ya yi mana cikas shi ne yawan hannu: hukumomin jihohi da na Abuja, da na sojoji, da kamfanonin jirgin yawo, kowa da kundinsa da irin tsarinsa, kuma ba kowa ke son a leƙa nasa ba. A nan maganar ta bar hannun masu kwamfuta. Kujerar Hajji a ƙasar nan abin rabo ce, abin kyauta ce ga magoya baya, wani lokaci abin ciniki. Ranar da kowace kujera ta samu lambar da za a iya bi daga rasit zuwa tanti, ranar ce sauya suna a daren ƙarshe zai zama abin da ke barin sawu. Wanda ke cin moriyar duhun ba zai ce maka ba ya son manhaja ba. Cewa zai yi a sayo mafi tsada, a yi bikin ƙaddamarwa, sannan ya ci gaba da riƙe jerin gaskiya a aljihunsa.

Ko an haɗa bayanan, akwai wata tambayar: wa ya rubuta lambar, kuma gaskiya ya rubuta? Mutanen Sakkwato da kewaye ba su manta da 11 ga Yulin 1991 ba. Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Tayoyi suka fashe yana gudun tashi, wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutar a jikinsu. Ya juyo zai sauka bai kai ba. Mutum 261, babu wanda ya fita. Bincike ya nuna kwanaki kafin haɗarin makanikai sun san iskar wasu tayoyi ta yi ƙasa, amma ana gaggawar cika jadawalin jigila, kuma an sauya alƙaluman da ke takardar duba jirgin. Da a ce akwai allon zamani a ofishin kamfanin a ranar, kore zai nuna, don abin da aka rubuta shi zai karanta. Wanda ya ga matsalar ba shi da ikon tsayar da jirgi, wanda ke da ikon kuma agogo yake kallo. Duk hukumar da za ta kafa allo sai ta fara amsa wannan: in ya nuna ja, wa ke da hurumin cewa a tsaya, kuma me zai same shi in ya faɗa? Ƙaramin ma'aikacin da ya san za a ci mutuncinsa in ya rubuta cewa abincin tanti kaza bai iso ba, zai rubuta ya iso.

Su kansu masu allon Jidda ba su tsira daga wata makantar ba, kuma a nan nake ganin ya kamata mu rage washe baki a gaban bangon. Allo wanda aka yi wa rajista kawai yake gani. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Ministan lafiya na Saudiyya, Fahad Al-Jalajil, ya ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuma ba su da tasrihin Hajji. Wato mutane ne da suka shigo da bizar ziyara, ba su da tanti mai sanyi, ba su da mota, suna tafiya a ƙasa cikin rana suna kauce wa askarawa. A lissafin 1,833,164 babu su. Tsarin ya san adadin kwalbar ruwan da kowane tanti ke buƙata, amma waɗannan sai da suka faɗi a gefen titi suka shiga ƙirga. Masar ta soke lasisin kamfanonin yawon buɗe ido 16 a kan haka. Mu ma mun san masu sayar wa talaka irin wannan tafiya, suna ce masa ai da an shiga shi ke nan.

Haka kuma lambar da gwamnati ba ta son ta motsa, ba ta motsawa. Bayan turmutsitsin Mina na 24 ga Satumban 2015, adadin da Saudiyya ta bayar ya tsaya a 769. Kamfanin dillancin labarai na AP ya bi sanarwar ƙasashe ɗaya bayan ɗaya ya tara, ya samu fiye da 2,400. Najeriya kaɗai ta rasa fiye da 270, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar da ta taɓa zama editar Sunday Triumph a Kano, da Farfesa Tijjani El-Miskin. Makonni jami'anmu suka yi suna zagaya asibitoci da ɗakunan ajiye gawa suna duba hotuna, iyalai a gida suna manne da rediyo. Abin da 'yan jaridar suka yi, a taƙaice, shi ne ainihin aikin da ake sayen waɗannan manhajoji dominsa: ɗauko bayani daga majiya da yawa a haɗa. Bambancin kawai shi ne ba mai allon ne ya so a haɗa ba.

A Jidda ma akwai Hausawan da ba sa kan allon kowa. 'Yan uwanmu da ake kira takari, wasu a can aka haifi iyayensu, wasu sun zo Umara suka zauna, da yawa ba igama, wato takardar izinin zama. Su ne masu tuwo da miyar kuka da alhaji ke nema in shinkafar kwangila ta gundure shi, su ne masu tura keken tsofaffi. Daga ƙarshen 2021 aka rushe tsoffin unguwanni da dama na Jidda, irin su Karantina da Sabil da Ghulail da Petromin, inda da yawansu ke zaune. 'Yan ƙasa masu takardar fili aka yi wa maganar diyya. Wanda ba shi da takarda, ranar da ya shiga kundi ita ce ranar da aka kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora.

Duk da haka ban ce a bar allon ba. Ina so a yi shi, amma a juyo da fuskarsa wajen mai biyan kuɗi. Kujerar da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. A 2024, bayan mutane sun gama biya, aka ce su ciko kusan miliyan 1.9 saboda faɗuwar naira, gwamnatin tarayya kuma ta zuba tallafin naira biliyan 90 wanda aka daɗe ana cacar baki a kan yadda aka kashe shi. Manomin da ya sayar da shanu da hatsin shekara ya biya wannan kuɗi yana da haƙƙin ya sa lambarsa a waya ya ga nawa ya tafi jirgi, nawa masauki, nawa tantin Mina, nawa guzuri, nawa kuma za a mayar masa in an fasa wata hidima. Matarsa a gida tana da haƙƙin ta san a sawu na nawa zai dawo, maimakon ta dogara da jita-jitar WhatsApp yayin da shi yake kwance kan tabarma a tashar alhazai ta Jidda, ya tada kai da jakarsa, yana jiran jirgin da aka ce "gobe in sha Allahu" tun shekaranjiya. Wannan shafi ba ya buƙatar bango guda. Manhajar kyauta da ma'aikata biyu da ake biya albashinsu a kan kari sun isa, muddin bayanan da ke shiga na gaskiya ne. A Nijar ma, inda hukumar COHO ke aiki da kamfanoni masu zaman kansu, buƙatar ɗaya ce.

Sai dai a yi hattara da abin da ake baje wa. Fasfo da hoton yatsa da takardar asibiti ba abin yawo a waya ba ne. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, ta Saudiyya ma ta fara aiki a watan Satumban 2023. Jimla da kashe-kashen kuɗi na kowa ne ya gani, bayanin mutum kuma nasa ne shi kaɗai. Yadda ake tura hoton fasfon mutane a zaurukan WhatsApp yanzu, ko dokar ba ta yi magana ba, hankali ya isa ya hana.

Ga 'yan majalisar jiha da za a kawo wa takardar sayen manhaja a kasafin baɗi, akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. Kafin a sa hannu, a ɗauko jerin waɗanda suka biya kuɗi bara, da jerin waɗanda aka yi wa biza, da jerin waɗanda suka hau jirgi, a miƙa wa ɗan kwangilar a cikin ofishin hukumar, a ce ya haɗa su ya faɗi mutum nawa suka fito a duka ukun, mutum nawa kuma suka bayyana a jerin jirgi ba tare da rasit ba. In ya kawo amsa, a karanta ta a zauren majalisa. In kuma hukumar ce ta ce ba za ta iya fito da jerin ba, sai a cire kuɗin allon daga kasafin, a mayar da shi wajen ɗaukar ma'aikatan da za su zauna su rubuta jerin bana da lambar NIN tun daga rasit na farko.